Duron da Muke Ara wa Masu Jego

Tun ranar da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya gan ni a masallaci ko a bakin kasuwa sai ya ce, "Malam Isuhu, yaya Hwaransa?" Mu nan Faransa muke kiran ƙetaren iyaka, su kuma su ce mana Ingilishi. Wasu jikin yarinya suke tambaya tsakani da Allah. Wasu kuwa so suke su ji dalilin da zai sa mutum ya kai jika asibiti, ya dawo ya rufe rumfarsa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya ƙara gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da jarkoki a kasuwar Sabon Birni. Ba sababbi ba, waɗanda aka juye abin cikinsu: na man gyaɗa, na manja, da na maganin feshi da masu noman fadama ke gamawa da su. Ina da hanyar wankina da nake alfahari da ita. Toka da ruwan zafi tukuna, sannan a jiƙa da tsamiya kwana biyu, a ɗauraye da kanwa, a kife a rana. Daga ƙarshe in tura hancina ciki. Idan hancina bai ji komai ba, jarka ta wanku. Har mutanen garin Isa sun san na Isuhu ba sa wari.

Shekara takwas da suka wuce wani duro ya faɗo hannuna, shuɗi, mai kauri, da baƙin murfi da zoben ƙarfe. Daga wata babbar gonar albasa ya fito. Na wanke shi sau uku, na ƙi sayarwa, na kai gida na ba matata Hajo, don a lokacin 'yarmu Rabi ta zo goyon ciki na fari. Kowa ya san yadda itace ya zama a ƙasar nan tun da daji ya gagari shiga saboda 'yan bindiga, ga shi wankan jego ba ya yiwuwa sai da tafasasshen ruwa safe da yamma. Hajo ta gano cewa idan ta tafasa ruwa da safe ta juye a duron nan ta rufe, har la'asar da zafinsa. Wuta ɗaya ta wadatar maimakon biyu. Nan da nan labari ya zaga unguwa. Duk wadda ta haihu sai a aiko aron duron Hajo, ya yi kwana arba'in ya dawo. In ba ya gidan kowa, mu zuba ruwan sha a ciki.

Yarinyar da Rabi ta haifa a wancan jegon ita ce Inno. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba ma faɗin sunan. Lafiya lau ta zo, kowa na yaba ƙibarta. Sai da ta kai shekara biyar muka fara lura ba ta guje-guje kamar tsararrakinta. Tsawo ya tsaya, jiki na ta kumbura, ga barci, ga jin sanyi ko ana zafi. A makarantar allo yaran da ta riga shiga suka wuce ta. Abin da aka biya mata yau, gobe babu shi. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun sha maganin shawara har na rasa iri nawa. Da ta shiga shekara bakwai sai ƙirjinta ya fara tasowa, yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Ranar da Hajo ta kira ni ɗaki ta gaya mini, ban iya cin tuwo ba.

Wani malamin asibiti a Isa ya duba ta ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti inda ake awon jini. Hanyar Sakkwato a lokacin ba ta biyuwa da yarinya. Maraɗi ta fi kusa, kuma ina da taubashi a Tsibiri, Mamman, ɗan ƙanwar babana. Rabi ta so zuwa, amma cikinta wata takwas, kuma tun da zaman ƙauyensu na wajen Gangara ya gagara ita da mijinta suna gidana. Aka tsaya ni da Hajo za mu kai ta.

Mun fita bayan hantsi ya ɗaga, da babura biyu, don masu kabu-kabu sun ce ba sa shiga hanyar sai sun ga waɗanda suka fito daga can sun iso lafiya. Ni da Inno a ɗaya, Hajo da kaya a ɗaya. Damina ta ɗauke amma gulbi bai ƙafe ba, ruwa iya gwiwa. Muka sauka aka tura babura, na goya Inno a baya. A nan na san nauyinta. Na sha ɗaukar buhu a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da ya danne mini zuciya kamar yarinyar nan da ta kwantar da kai a wuyana ta yi barci a tsakiyar ruwa ba.

Bayan gulbi sai yashi. Babur ɗin Hajo ya kafe, ya kwanta a hankali, ita ma ta bi shi ta kwanta. Ba ta ji ciwo ba. Ta tashi tana kakkaɓe zane tana yi wa mai babur faɗa, shi kuwa yana rantsuwa cewa ita ce ta karkata.

"Ni nik karkata? Tun ba a haihe ka ba nika hawan jaki, ban taɓa hwaɗuwa ba!"

"Inna, jaki daban, mashin daban."

Na yi dariya, ta juyo kaina, na haɗiye abata.

Iyaka dai ba a ganin ta. Gona ce ta bi gona, gero iri ɗaya, mutane iri ɗaya, tsagen fuska irin namu. Sai da muka kusa Tsululu muka tarar da igiya a gicciye da jandarmomi biyu a ƙarƙashin rumfar kara. Babban cikinsu ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya, ya tambayi takardar yarinya. Na ce ba ta da ita, jikata ce, asibiti za mu. Ya dube ta, ya tambayi shekarunta. Da na ce bakwai sai ya sake dubanta, ya kawar da kai, bai ƙara maganar takarda ba.

Ƙaramin ne ya buɗe jakar Hajo. Ya zaro gorar da ta zubo wa Inno kunu, wata farar gora mai ɗaukar kamar kofi huɗu, mai murfin murɗawa, ita ma daga rumfata ta fito. Takardar jikinta ta daɗe da ɓarewa, amma akwai wani zane da aka yi a jikin robar kanta, ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ya ɗaga ta sama.

"Mi ag ga ciki?"

"Kunu na, ɗana," in ji Hajo.

"Kun san mi wagga alama ka nuhi?"

Na ce na sani mana, sana'ata ce, an wanke ta tas. Na ce ya shinshina. Ya buɗe ya shinshina, ya ji tsamiya da gero, ya girgiza kai ya mayar. Muka wuce ina ce wa Hajo yaran Faransa sun cika iyayi, komai sai sun nuna sun yi lakwal, wato makarantar boko a bakinsu.

Daga Tsululu muka shiga wata tsohuwar mota zuwa Gidan Rumji, mu da awaki uku da buhunan barkono. Kowa na atishawa ban da Inno, ita barci take. A Gidan Rumji muka hau kwalta, kafin la'asar sakaliya muna Tsibiri.

Mamman ya tarbe mu da tsiyar da muka saba. "Ga Ingilishi sun iso! Ku ɓoye kaji!" Na ce ai mun zo ne mu ga ko har yanzu da bakin wuƙa suke auna miya. Amma da idonsa ya faɗa kan Inno sai wasa ya tsaya. Ya ba mu ɗakin ƙofar gida, matarsa ta kawo fura mai yawan nono, da daddare tuwon gero da miyar kuka, ba bambanci da na gida sai dai su sun fi mu sakin hannu da yaji.

Da safe ne muka ga baƙon abu. Mamman ya shigo da burodi dogo kamar taɓarya, tsirara, ya maƙale shi a hammata. Hajo ta zaro ido.

"Abinci ba leda? Ga hamutta? Wanga wace irin ƙazanta ta!"

Ta karɓa ta ƙwanƙwasa a gwiwa, ta ce ya kwana bakwai, an cuce shi. Mamman ya rantse yanzu aka fito da shi daga wuta. Ta ƙi yarda, ta dogara shi a ƙasa kamar sanda ta yi taku biyu tana ɗingishi irin na tsofaffi. Inno ta ƙyalƙyale da dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba, har na juya baya na share ido. Daga baya Hajo ta jiƙa burodin a shayi ta cinye rabi.

Maraɗi ba nisa daga Tsibiri. Abin da ya fi ba Hajo mamaki a birnin shi ne mata a kan babur, su ke tuƙa kansu, wata har da goyo. Ni kuwa asibitin ne ya ba ni mamaki. Su can asibiti suke kira likita, shi likitan kuma lokotoro. Ana ba mutum 'yar takarda mai lamba, ya zauna a benci, ba mai tsallake wani ko da babbar riga ya sa. Na gwada irin tamu, na je na gaida mai tsaron ƙofa da kyau na tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya amsa duka, sannan ya nuna mini bencin. Da rana ta take kuma kowa ya rufe ofis ya tafi cin abinci, mu da lambarmu a hannu.

Sai bayan azahar muka shiga. Likitar mace ce, ba za ta girmi Rabi da yawa ba, kuma ba na ɓoyewa, da na gan ta raina ya ɗan sosu. Na yi zaton doguwar tafiyar nan za ta ƙare a gaban dattijo mai furfura. Ta ce in jira a waje, ta duba yarinya ita da Hajo. Ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannun Inno na hagu, ta ce mu dawo bayan kwana uku.

Kwana ukun nan a gidan Mamman muka yi su. Na zaga kasuwa na ga 'yan sana'armu. Jarka su bido suke ce mata, duro kuma tano, amma kayan iri ɗaya ne, har na ga masu alamar nan ta ƙoƙon kai jere a rana. Na shinshina wasu na ce a raina wankinsu bai kai nawa ba.

Ranar da muka koma likita ta zaunar da mu duka uku. Ta taɓa gaban wuyanta.

"Baba, akwai wani ɗan nama nan ga maƙoshi. Shi ka aika ma jiki saƙo, shi ce girma, shi ce ƙone abinci, shi ce ma ƙwaƙwalwa ta hwalka. Na Inno ya yi sanyi, kuma ya daɗe da yi. Shi as sa ƙiba da kwana da mantuwa. Jiki na ta ƙoƙarin tada shi, garin haka yat tada abin da lokacinai bai yi ba. Akwai magani, ƙwaya guda kullum da sahe kahin ta ci komi."

Na ce alhamdu lillahi. Na tambaya ko za ta warke sarai.

"Kumburi za ya sauka, ƙirji za ya koma, tsawo za ya motsa in Allah ya so. Karatu za ya gyaru. Amma ba ni yi maka alkawalin duk abin da anka rasa za ya dawo. Shekarun hwarko na ƙwaƙwalwa ba a maida su."

Tana cikin rubuta magani Inno ta ja zanen kakarta ta ce yunwa. Hajo ta zaro farar gorar nan, kunu da ɗuminsa, ta miƙa mata. Na ga alƙalamin likita ya tsaya. Ta miƙo hannu a hankali ta karɓi gorar kafin ta kai bakin yarinya, ta shafa zanen da ɗan yatsa.

"Inna, tun yaushe taka sha cikin wagga?"

"Tun tana rarrahe. Ba ta zuba, ba ta hucewa."

"Ruwa hwa? Cikin mi kuka aje ruwa gida?"

A nan Hajo ta gyara zama, don an zo inda take da abin faɗa. Ta ba da labarin duro da fara'arta: kaurinsa, yadda yake riƙe zafi, yadda Rabi ta sha ruwansa tun da ciki, yadda aka yi mata wankan jego da shi, aka dama kunun kanwa da shi, aka wanke jaririya da shi aka ɗura mata ɗan ɗumi a baki kamar yadda ake yi. Likita ta tambayi abin da ke cikin duron kafin ya zo gida. Hajo ta dube ni. Na ce maganin ƙwarin albasa ne, amma ni na wanke shi da hannuna, sau uku, na bayyana mata toka da tsamiya da kanwa. Na ce ko yau ta tura hanci ba za ta ji komai ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da na sami abin riƙewa.

"Baba, ka san ƙwaryar da anka daɗe ana aje mai ciki. Ko ka wanke ta, in ka zuba ruwan zahi sai ka ga maiƙo ya taso. Roba haka take da magani, tana shan shi. Hanci ba ya jin ɗan kaɗan, amma ruwan zahi na jawo shi. Ita kanta robar, in ba don abinci anka yi ta ba, in ta ji zahi tana sakin nata. Wasu daga cikin abubuwan ga kama da saƙon jiki suka yi. Babba na iya sha bai ga komi ba. Amma ɗan da ke ciki, da mai shan nono, lokacin na aka gina su. In saƙon ƙarya ya shiga, ginin na iya karkata, kuma ba a gani sai bayan shekaru."

Na ce, "Kina nuhin ni nij jawo mata?"

"Ba ni rantse maka. Ana haihuwar yaro da wanga ciwo ba dalili. Rashin gishiri mai sinadari na kawo shi, gado na kawo shi. Ba ni da awon da za ya nuna min duronka cikin jininta bayan shekara bakwai. Amma da gidana yake, da yau na hitar da shi. Akwai mai ciki gidan?"

Hajo ta ce akwai, wata takwas.

"Wa ka amfani da shi ban da ku?"

Hajo ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ai lada muka nema, ɗiyata. Duk unguwa aka ara."

Likita ta ajiye gorar a ƙarƙashin teburinta, ba ta mayar mana ba. Ta ce a dafa a tukunyar ƙarfe, a ajiye a randa ko tulu, kunu a ƙwarya ko kwanon sha, kada a zuba abu mai zafi a leda. Ta ce mu dawo da Inno bayan wata uku a sake awo.

Da yamma na gaya wa Mamman komai. Ya ba ni shawara irin ta mai ƙauna.

"Ita da bakinta tac ce ba ta da tabbas. Ka tai gida ka ce duro ya hwashe, ka yada shi. In ka hwaɗi wagga magana Sabon Birni, duk wanda ɗanai ya yi tari sai shi ce kai na. Da mi za ka ci abinci?"

Wallahi shawarar ta shige ni. Duk hanyar Gidan Rumji ina jera yadda zan faɗa wa Rabi: likita ta ce ba a san dalili ba. Kuma ba ƙarya ba ne, ta faɗa. Hajo kuwa tun da muka fito asibiti ba ta yi faɗa da kowa ba, ko da mai motar da ya ɗora mata buhu a ƙafa. Bayan mun wuce igiyar jandarmomi, inda na sunkuyar da kai don kada ƙaramin nan ya gane ni, muka sauka a bakin gulbi. A nan na ji tana magana ƙasa-ƙasa tana lanƙwasa yatsu. Na matsa. Sunayen yara take kira, waɗanda aka yi jegonsu da duron, gida-gida, daga bakin masallaci har ƙarshen layi. Yatsun hannu biyu suka ƙare ta sake farawa.

Na ce, "Hajo, bari."

Ta ce, "Ni niw wanke su, Malam. Da hannuna."

Daga nan na san shawarar Mamman ba za ta haye gulbin nan tare da mu ba.

Mun isa gida da la'asar. Ban ko zauna ba na leƙa inda duro ke zama, babu shi. Rabi ta ce matar Garba makwabcinmu ta haihu kwana huɗu da suka wuce, an aiko an ɗauka. Kowa ya san ba a karɓe abu daga hannun mai jego kafin ta yi arba'in, ko maƙiyi ba ya yi. Muka tafi ni da Hajo da ƙurar hanya a jikinmu. Na tsaya a zaure, ita ta shiga. Ina jin uwar Garba tana cewa, "Mi munka yi muku? In kuɗin haya kuka so ku hwaɗi!" Ina jin Hajo tana ba da haƙuri tana kuka tana bayani. Aka daɗe. Daga baya Garba da kansa ya mirgino duron waje bai dube ni ba. Na buɗe murfi, tururi ya bugi fuskata, ruwan wankan yamma ne. Na tuntsurar da shi a kwata. Na aika aka kawo gatarina, na sassara shi a nan ƙofar gida, mutane na kallo, na gaya musu dalili da bakina. Washegari na kai wa Garba itacen da zai ishe su wuta biyu, ya karɓa, amma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Rabi ce ta rage. Bayan magariba ta kawo mini ruwa a zaure ta durƙusa, da ƙyar saboda ciki.

"Baba, mi likita tac ce ya jawo?"

Na gaya mata duka, da abin da likita ta tabbatar da abin da ta ce ba ta rantsewa. Na ce duron nan ni na zaɓe shi, ni na wanke, ni na kawo, don in sauƙaƙa mata. Na ce ta yafe mini. Na yi zaton kuka za ta yi, ko ta ce ba komai kamar yadda 'ya ke ce wa uba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗora hannu a kan cikinta.

"Baba, wanga hwa? Wata takwas ina shan ruwan nan."

Har yau tambayar nan ba ta bar ni ba.

Ranar kasuwa na je rumfa da ƙusa da guduma. Duk jarkar da ta taɓa ɗaukar magani na huda gindinta. Na man gyaɗa da na manja na bar wa wani, don mutane sun daina tsayawa wurina, wasu don haushi, wasu don tsoro. 'Yan sana'armu na cewa Faransa ta taɓa mini kai. Wasu mata sun zo wurin Hajo a ɓoye suna tambayar alamomin da muka gani a jikin Inno, biyu har sun nemi kwatancen asibitin. Wasu kuwa sun sayi wani shuɗin duro daga Isa, sun ce su ba su ga abin da ya yi musu ba. Yanzu albasa nake saye ina sayarwa.

Inno na shan ƙwayarta kullum da safe, ni ke ba ta da hannuna. Fuskar ta saɓe, ta fara fita wasa, jiya har ta yi faɗa da wata yarinya a kan 'yar tsana, Hajo ta ji daɗi kamar an yi mata kyauta. Allonta dai yana nan inda yake. Malaminsu ya ce a yi haƙuri.

Rabi ta sauka kwana ashirin da dawowarmu, namiji. A tukunyar ƙarfe ake tafasa ruwa, wuta biyu a rana, ruwan sha a randa. Ranar suna gida ya cika, aka miƙo mini shi a zaure. Yaro jawur, mai nauyi, ya damƙe ɗan yatsana da ƙarfi. Kowa na cewa barka, ka gani, ba abin da ya same shi, hankalinka ya kwanta. Na amsa musu da amin, na yi masa addu'a, na daɗe ina kallon fuskarsa ban miƙa shi ba. Inno ma haka aka miƙo mini ita.